Bushin jagora na rauta: na baƙin ƙarfe ko na tagulla? Tambayoyi da amsoshi

Kafinta da ya fara aiki da tamfilet, wato allon da ake yanke siffar aiki a jikinsa don rauta (injin hannu mai juya wuƙa da gudu don fafe katako) ta bi, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wannan zaɓi. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawo a kan batun.

Mene ne bushin jagora, kuma ina yake zama?

Ɗan gajeren bututu ne mai faffaɗan kai, ana ɗaura shi a tsakiyar farantin ƙasan rauta. Wuƙar rauta tana ratsawa ta cikinsa ba tare da ta taɓa shi ba, shi kuma bayansa yana goga gefen tamfilet. Duk inda gefen tamfilet ya lanƙwasa, nan rauta za ta bi. Da shi ake fafe gurbin hinji a ƙyaure, da gurbin makulli, da ramukan kanta, da haɗin katako irin na jelar kurciya.

Bambancinsa da wuƙa mai boris shi ne, bushi ba ya juyawa. Yana tsaye cak, wuƙa na gudu a cikinsa, kuma kana iya nutsa wuƙar ƙasa kaɗan-kaɗan alhali jagoran yana nan inda yake.

A taƙaice, wanne za a saya?

Idan rautarka tana karɓar bushi mai zare da noti, kuma aikinka na shago ne na yau da kullum, hinji yau, makulli gobe, sayi na tagulla. Idan kuwa aiki ɗaya kake maimaitawa sau ɗari a mako a kan tamfilet mai tauri, ko kana buƙatar bushi siriri mai bango kamar takarda, na baƙin ƙarfe ya fi jure wahala.

Amma mafi yawan aikin da ya lalace ba laifin irin ƙarfen ba ne. Ko dai bushin bai zauna a tsakiya ba, ko noti ya kwance, ko an zaɓi wuƙar da ta yi masa girma. Waɗannan ukun suna samun na tagulla kamar yadda suke samun na baƙin ƙarfe. Inda ƙarfen yake da magana shi ne yawan asarar da za ka yi ranar da kuskuren ya faru.

Me ake nufi da cewa tagulla tana ceton wuƙa?

Bakin wuƙar rauta ta zamani kabayid ne, wani haɗin ƙarfe na musamman da ake yin bakin kayan yanka da shi. Yana da tauri ƙwarai, shi ya sa yake daɗewa bai dakushe ba, amma taurin nasa irin na tangaran ne: ba ya lanƙwasawa, sai dai ya ɓantare. Babbar rauta tana kaiwa juyi 24,000 a minti ɗaya, wato juyi 400 a daƙiƙa, ƙananan na gyaran gefe kuma suna kaiwa 30,000. A wannan gudu, idan bakin kabayid ya daki baƙin ƙarfe, za ka ji ƙara mai ratsa kunne, ka ga tartsatsi, kuma sau da yawa bakin ya ɓalle. Ɓallin yana iya tashi ya nufi fuska. Ga kuma tartsatsin wuta a cikin garin katako busasshe, abin da ba wanda yake so a shagonsa.

Tagulla kuwa haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya. Irin wadda aka fi sassaƙa ƙananan kaya da ita tana da jan ƙarfe kusan kashi 61 cikin ɗari, tutiya kusan kashi 35, da dalma kusan kashi 3, kuma dalmar ce take sa ta yanku cikin sauƙi. Idan kabayid ya taɓa ta, sai ya fere ta kamar yadda yake fere katako mai tauri. Za ka ga ɗan gari mai ruwan zinariya a kan aikin, bushin ya samu tabo a ciki, wuƙar kuma galibi ta tsira. Ba ta tartsatsi. Wuƙa mai kyau ta fi bushi ɗaya tsada, don haka gara bushin ya tafi.

Wannan ba lasisin sakaci ba ne. Wuƙa siririya ta inci 1/8 tana iya karyewa ko a jikin tagulla ne, idan ta kama shi da ƙarfi.

To yaya wuƙa take kaiwa ga taɓa bushi tun farko?

Hanyar da ta fi yawa ba ma wuƙar ba ce, notin kolet ne, wato notin da yake riƙe ƙotar wuƙa. Mutum ya nutsa rauta don ya kai zurfin da yake so, ya manta cewa bushi ya tare hanya, sai notin kolet mai juyawa ya sauka a kan bushin. Idan na tagulla ne, notin ya goge shi ya bar zobe mai sheƙi. Idan na baƙin ƙarfe ne, duka biyun suna ci, kuma notin kolet da ya lalace ya fi wahalar samu a kasuwa. Maganin wannan kyauta ne: cire fulogi daga wuta, nutsa rautar har ƙarshen zurfin da za ka yanka, ka leƙa ka ga akwai sarari tsakanin noti da bushi, sannan ka ɗaure sandar tsayar da zurfi a nan. Juya wuƙar da hannu zagaye ɗaya kafin ka mayar da fulogi.

Ta biyu ita ce wuƙar da ta cika ramin. Bushi mai faɗin waje inci 5/8 ramin cikinsa inci 17/32 ne. Wuƙar inci 1/2 tana shiga, amma sararin da ya rage kowane gefe bai kai rabin milimita ba. Garin katako ba shi da hanyar fita, ya cushe, ya yi zafi, kuma ɗan motsi kaɗan ya isa wuƙa ta taɓa bango. Da wannan wuƙar, bushin inci 3/4 mai rami inci 21/32 ya fi, domin yana barin kusan milimita 2 kowane gefe. Mu muna ganin milimita ɗaya da rabi kowane gefe shi ne mafi ƙarancin da ya kamata a bari idan hali ya yi.

Ta uku ita ce wuƙar jelar kurciya, wadda bakinta ya fi ramin bushi faɗi. Ita ana fara ɗaura bushi, sannan a zura ƙotarta daga ƙasa. Duk wanda ya ɗaga rautar ko ya saki makullin nutsawa tana cikin gudu, bakin zai hau ya ci bushin, ya kuma ci tamfilet ɗin.

Ina baƙin ƙarfe ya fi tagulla?

A wurin siririn bango. Bushi mai faɗin waje inci 5/16 da rami inci 1/4 kaurin bangonsa inci 1/32 ne, wajen milimita 0.8. Na tagulla mai wannan kauri idan ya faɗo daga kan benci ya daki siminti, bakinsa yana iya lotsewa ya koma kamar ƙwai. Ido ba zai gani ba, amma aiki zai nuna. Na baƙin ƙarfe ya fi jure irin wannan faɗuwa, haka kuma ya fi jure a wurga shi cikin akwatin kayan aiki tare da sifana da guduma.

Sai wurin goga. Mai haɗa saman kantar kicin da yake bin tamfilet mai tauri kullum da bushin milimita 30 yana danna rauta da ƙarfi a gefe ɗaya. Tagulla tana cinyewa a hankali a wannan gefen, har ta yi ɗan shafaffen wuri. Baƙin ƙarfe yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya kai nan. Zaren baƙin ƙarfe ma ba ya saurin lalacewa idan an murɗa noti a karkace. Na tagulla kuwa murɗawa ɗaya ta ganganci da filaya ta isa ta cinye zaren.

Akwai abin lura a nan. Ba duk na baƙin ƙarfe ne iri ɗaya ba. Wanda aka sassaƙa daga dunƙule ɗaya daban yake da wanda aka buga daga falle aka cusa masa bututu. Na biyun, idan mai araha ne, bututun yana iya girgiɗewa a mahaɗarsa ko ya zauna a karkace. Riƙe kan da hannu ɗaya, ka murza bututun da ɗayan. Idan ka ji ko ɗan motsi, ajiye shi.

Notin bushina yana kwancewa ana cikin aiki. Tagulla za ta magance?

Za ta rage. Kafintoci da yawa sun lura cewa notin tagulla a kan zaren tagulla yana kama jikinsa fiye da baƙin ƙarfe mai santsi, wanda girgizar rauta take warware shi a hankali. Amma ba a dogara da wannan kaɗai. Noti da ya kwance yana hawa ƙotar wuƙa yana rawa, bushin ya sauka ya shiga bakin wuƙa, kuma duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Sa washa mai lanƙwasa, irin mai aikin sifirin, ko siririn zoben roba a ƙarƙashin notin. Idan babu, naɗa zaren da farin tef ɗin masu gyaran famfo zagaye biyu ko uku. Ɗaure da hannu iya ƙarfinka, sannan ka ƙara ɗan kaɗan da filaya da aka naɗe bakinta da tsumma. Kada ka sa gam mai kulle zare na dindindin, domin ranar canza bushi sai ka lalata farantin. Bayan yanka biyu ko uku na farko, kashe rauta ka taɓa notin. Idan bai motsa ba a nan, da wuya ya motsa daga baya.

Na sayi seti mai kyau na tagulla amma ya ƙi shiga rautata. Me ya faru?

Ba tsari ɗaya duniya take bi ba, kuma wannan ya kamata a duba kafin maganar ƙarfe. Yawancin setin tagulla da ake gani a intanet tsarin kamfanin Porter-Cable ne na Amurka: farantin rauta yana da rami inci 1 da 3/16, da wani ɗan gurbi inci 1 da 3/8 inda kan bushin yake kwanciya daidai da fuskar faranti, sai noti ya kama ta sama. A Ingila tsarin kamfanin Trend ya fi yawa, faifai mai faɗin milimita 60 da ake ɗaurewa da sukuru biyu. Bosch tana da nata mai shiga a murɗa ya kulle ba tare da noti ba. Makita tana amfani da faffaɗan faifan ƙarfe a yawancin rautocinta. Waɗannan na kamfani kusan duk baƙin ƙarfe ne, wato wani lokaci rautar ce take yi maka zaɓin.

Rautocin da suka fi yawa a kasuwanninmu masu wutar 220 zuwa 240 ne, kuma ba kowacce ce take zuwa da ramin tsarin Amurka ba. Mafita biyu ce: ko adafta da kamfanin ya yi don karɓar bushi mai zare, ko sabon faranti na roba mai gani-har-hanji da aka huda da wancan ramin. Kafin ka biya kuɗi, kife rautarka ka auna ramin tsakiya.

A kula kuma da inci da milimita. Inci 1/4 milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Inci 1/2 milimita 12.7 ne, ba 12 ba. Bushin inci 5/8 milimita 15.9 ne, ya yi kusa da 16 amma ba shi ba ne, kuma tamfilet da aka yi don ɗaya zai ba da ɗan sako-sako ko matsi da ɗayan.

Wanne ya fi ba da aiki daidai?

Babu. Daidaito daga sassaƙa yake da kuma zaman tsakiya. Na tagulla sun yi suna ne saboda kusan dukkansu ana sassaƙa su daga dunƙule ɗaya, ba don tagullar kanta ta fi iya zama da'ira ba. Auna da ma'aunin baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, a wuri uku kewaye da bututun. Idan lambobin sun bambanta da fiye da milimita 0.1, ba na aikin haɗi ba ne.

Zaman tsakiya shi ne babba. A ce bushi ya kauce daga tsakiyar wuƙa da milimita 0.3. Idan ka bi tamfilet hannun rauta na dama yana gaba, sannan ka juya rautar hannun hagu ya koma gaba, layin yankan zai matsa da milimita 0.6. A gurbin hinji wannan gibi ne da ido yake gani. Gyaran yana buƙatar mazugin daidaitawa, wani ɗan ƙarfe mai ƙota da kai kamar mazurari. Sassauta sukurorin faranti, ɗaura bushi, sa ƙotar mazugin a kolet, ka ja shi har kansa ya cika ramin bushin ya tura farantin tsakiya, sannan ka ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa na daura da shi. Idan sukurorin masu kai ne mai nutsewa a gurbi mai gangare, za su ja farantin su mayar da shi inda yake a da. Sai an canza su da masu shafaffen ƙasa, an kuma ɗan faɗaɗa ramukan.

Ko bayan an daidaita, riƙe rautar fuska ɗaya daga farkon yanka zuwa ƙarshe. A cikin rami ana bin gefe ta hanyar da hannun agogo yake bi, a kewayen waje kuma akasin haka, don wuƙa ta riƙa jan bushi zuwa jikin tamfilet.

Yaya ake lissafin tazara tsakanin tamfilet da yanka?

Cire faɗin wuƙa daga faɗin wajen bushi, ka raba biyu. Bushin milimita 16 da wuƙar milimita 10 suna ba da tazarar milimita 3. Don hinji mai tsawon milimita 100, ramin tamfilet zai zama 106, tunda tazarar tana gefe biyu. Faɗin kuwa, da yake gefe ɗaya a buɗe yake a bakin ƙyaure, 3 kawai za a ƙara: ganye mai faɗin 30 yana son 33. Tamfilet ɗin kantar kicin da ake yi a Ingila an gina su a kan bushin milimita 30 da wuƙar 12.7, tazara 8.65, kuma wuƙar milimita 12 a wurin tana ɓata haɗin gaba ɗaya.

Auna wuƙar da kanka. Wadda aka taɓa wasawa ta ragu.

Bututun ya fi tamfilet ɗina tsawo, yana jan katako. A yanke shi?

A yanke, kuma nan tagulla ta yi wa baƙin ƙarfe nisa. Don tamfilet na MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 6, bututun ya leƙo kamar milimita 5. Samo guntun filawud mai kaurin da kake so, huda shi daidai faɗin bututun, zura bututun har kansa ya kwanta, ka kama a bais. Abin da ya leƙo ta ɗaya gefen ka yanke da zarton ƙarfe kana bin fuskar filawud ɗin. Gyara da magagari, ka kashe kaifin baki ciki da waje da samfefa mai laushi. Na tagulla aikin minti biyar ne. Na baƙin ƙarfe ma yana yankuwa, sai dai da gumi, kuma wurin da aka yanke ya rasa rufinsa, nan tsatsa za ta fara.

Kada a gajarta shi ƙasa da milimita 4. Bututu gajere yana iya hawa kan tamfilet idan rauta ta ɗan karkata, wuƙa ta shiga tamfilet ɗin.

Ba a ce tagulla tana kumbura da zafi ba?

Tana buɗewa fiye da baƙin ƙarfe, amma lissafa ka gani. Bushin milimita 30 da zafinsa ya ƙaru da digiri 30 zai ƙaru da kusan milimita 0.017 idan tagulla ne, 0.011 idan baƙin ƙarfe ne. Katakon da kake yanka yana motsi fiye da haka tsakanin damina da hunturu. Bushi da ya yi zafin da ba a iya taɓawa alama ce cewa wani abu yana gogarsa.

Tsatsa fa? Kuma yaya zan gane tagulla ta gaskiya?

Tagulla ba ta tsatsa, duhu kawai take yi, kuma duhun bai hana ta aiki. Baƙin ƙarfe a shagon da yake shan danshin damina yana yin tsatsa a zare, noti ya ƙi kwancewa, bayan bututun kuma ya yi kaushi ya riƙa cin gefen tamfilet na MDF. Shafa masa ɗan kakin gyaran katako ka goge. Kada ka sa man inji, yana kama gari, yana kuma bar wa katako tabon da fenti ba ya so.

Akwai na baƙin ƙarfe da ake yi wa rufi mai ruwan zinariya a sayar a matsayin tagulla. Maganaɗisu yana tona asirinsu nan take: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama tagulla. Idan kuma abin ya yi sauƙi a hannu fiye da kima, alminiyon ne aka rina, domin tagulla ta ɗan fi baƙin ƙarfe nauyi ma.

Irin tamfilet yana da ruwa a zaɓin?

Yana da. Tamfilet na alminiyon, kamar yatsun na'urar yanka jelar kurciya, ya fi bushi tsada nesa ba kusa ba, kuma baƙin ƙarfe mai kaushi ko mai ɗan tabo yana kankare shi. A nan tagulla mai santsi ta fi. A kan MDF da filawud duka biyun ɗaya ne, gefen tamfilet ɗin ne zai riga lalacewa. Shafa wa gefen siririn gam mai saurin bushewa ka goge da samfefa, zai yi tauri ya daɗe.

Me ya sa setin cusa ado a katako yawanci na tagulla ne?

Saboda aikin na ƙanƙanin ma'auni ne kuma wuƙar siririya ce. Setin da aka saba gani yana da wuƙar inci 1/8, bushi mai faɗin inci 5/16, da zobe mai faɗin inci 9/16 da ake sawa a cire. Kaurin bangon zoben inci 1/8 ne, daidai da faɗin wuƙar. Da zoben a jiki ake fafe gurbi, a cire shi a yanko abin da za a cusa, da tamfilet ɗaya, su shiga juna cif. Gari ko ƙwaya ɗaya da ya maƙale tsakanin zobe da bushi yana ɓata wannan lissafi, don haka a hure shi kafin kowane yanka.

Seti zan saya ko ɗaya-ɗaya, kuma yaushe ake jefar da bushi?

Setin Amurka yakan zo da 5/16, 3/8, 7/16, 1/2, 5/8, 3/4 da 51/64 na inci, da noti ɗaya ko biyu. Biyu ko uku ne za su yi maka yawancin aiki, sauran su zauna a akwati. Idan seti ya yi araha, saye shi na tagulla, sannan wanda ka ga kana amfani da shi kullum ka nemo masa na biyu na baƙin ƙarfe mai kyau. Noti na ajiya ma yana da amfani, domin shi ne yake fara ɓata cikin garin katako.

Tabo a cikin rami bai kashe bushi ba, a goge kaifin da magagari mai zagaye a ci gaba da aiki. Wanda bayansa ya shafe a gefe ɗaya, ko ya lotse, ko zarensa ya cinye har noti yana tsalle, shi ne ya gama. Kada a yi ƙoƙarin buga lotsattsen bututu da guduma don ya koma da'ira. Mirgina shi a kan gilashi ko ka sake auna shi a wuri uku, za ka tarar bai koma ba.